Malam Surajo ya tafi, Asabar kuma tana nan tafe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labari ya same ni, ina tsaye a filin makaranta yara suna shara. Malam Surajo ya rasu.

Malama Lami ce ta kira ni, mai koyar da aji biyu a makarantarmu. Na ɗauka za ta ce ba za ta samu shigowa ba, don ɗiyarta ba ta jin daɗi tun shekaranjiya. Sai na ji ta ce, "Hedimasta, ka samu wuri ka zauna."

Ban zauna ba. Na ce ta faɗa mani kawai.

Jiya bayan la'asar, a hanyarsa ta dawowa daga Sabuwa, tayar motar da ya shiga ta fashe. An kwashe su zuwa asibiti. Da asuba rai ya yi halinsa. Za a yi jana'iza a Kankara bayan azahar.

Yanzu haka ina cikin mota a tashar Yankara, muna jiran mutum uku ta cika. In kun ga kuskure a rubutun ku yi haƙuri. Na rasa wanda zan yi wa magana, shi ya sa nake rubutawa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Surajo yana cikin waɗanda aka turo su horar da malaman firamare na Kankara da Faskari da Sabuwa yadda ake koyarwa da kwamfutar hannu, wadda muke ce wa tablet. Bai kai shekara arba'in ba. Ni kuwa shekarata ashirin da takwas ina riƙe da alli, a wata ƙaramar makaranta ta wajen Ruwan Godiya.

Ban karɓe shi hannu biyu ba. Gara in faɗi gaskiya yau.

Horon farko a Faskari aka yi, kwana biyar. Na zaɓi bencin ƙarshe na zauna, na harɗe hannu. Da ya gama gabatar da kansa ya ce ko akwai mai tambaya, na miƙe na ce, "Malam, yaran da ke zaune a ƙasa, rufin ajinsu na yoyo, su za a kawo wa kwamfuta?"

Aka yi mani tafi. Na ji daɗin tafin.

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Gaskiyarka, Baba. Bencin ma muna so, rufin ma muna so. Amma wannan ce ta riga isowa. Mu gani ko za ta yi mana wani amfani kafin sauran su zo."

Abin da ban faɗa ba a ranar shi ne, ba benci ne damuwata ba. Tsoro nake ji. Idona ya fara rauni, ƙananan rubutu sai na miƙa hannu nesa. Wayar da nake riƙewa lokacin mai maɓalli ce. Ga yara sababbin malamai, wasunsu ni na koya musu baƙi da wasali, suna ta shafa gilashi kamar da shi aka haife su.

A rana ta biyu ya ce kowa ya buɗe darasin farko. Na taɓa, shiru. Na danna da ƙarfi, shiru. Na ji wani a bayana yana danne dariya. Na kife abin a kan benci na ce tawa ta lalace.

Da aka fita shan iska kowa ya watse, sai ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Baba, ba ni hannunka in gani."

Na miƙa mashi. Ya juya tafin, ya duba kantar da fartanya ta bar mani. Ya ce, "Ba kai ba ne, noma ne. Gilashin nan bai jin busasshen yatsa. Haka na babana yake. Ka riƙa shafa ɗan man kaɗe da safe, yanzu kuma gwada da gefen ƙaramin yatsa."

Na gwada. Ta buɗe.

Ya karɓa ya ɗan taɓa wani wuri ya maido mani. Sai da aka dawo aji na lura rubutun ya ƙara girma, ina karantawa ba tare da na miƙa hannu ba. Har yau bai taɓa tayar mani da zancen idona ba.

Za ku ɗauka daga nan na gyaru. Ban gyaru ba.

Da aka gama horo aka ba makarantarmu tablet shida da ƙaramar sola ta caji. Na ɗauke su na kai gida, na nannaɗe su a tsohon zane, na saka a akwatin ƙarfen mai ɗakina, na sa kwaɗo. Tunanina shi ne, in yaro ya fasa, sunana za a kira. In aka sace, sunana za a kira. Kuma kun san yankin namu, abu mai ƙyalli ba a son ya riƙa jawo ido.

Malama Lami ta tambaye ni sau uku yaushe za a fara. Na ce mata ba a ba da umarni ba tukuna. Ƙarya ce. Allah ya yafe mani.

Wata biyu suna kulle.

Wata Talata sai ga shi a kan babur ɗin haya, ƙafafunsa duk taɓo, ya zo duba yadda ake amfani da su. Na yi ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe dai na tafi gida na kinkimo akwatin. Da na buɗe, ledar da ke manne a fuskarsu ma ba a ɓare ba.

Takardar rahoto tana hannunsa. Na san abin da ya kamata ya rubuta, kuma na san inda takardar za ta je.

Ya kalli akwatin. Sannan ya ce, "Baba Hedimasta, in ta fashe a hannun yaro, zan rubuta ta fashe a bakin aiki, in sa hannuna a ƙasa. In ta mutu a cikin akwati, me zan rubuta?"



Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce, "Wane darasi gare ka bayan hutun tara?" Na ce kimiyya, aji huɗu, ƙwarin da ke cin amfanin gona. Ya ce mu je bayan makaranta. Akwai gonar masara nan jikin katanga. Ya buɗe kunnen wata masara, ga tsutsa kwance a ciki. Ya miƙo mani tablet ya ce in ɗauki hotonta da kaina. Sai a karo na huɗu hoton ya fito sosai.

A cikin aji bai tsaya gaba ba. Ya koma can baya ya zauna a ƙasa tare da yara. Ya yi mani alama da yatsu biyu in buɗa hoton. Na buɗa. Tsutsar ta cika gilashi, har bakin da take ci da shi ana gani, har ɗigo-ɗigon bayanta.

Ajin gaba ɗaya ya taso kaina.

Shekara da shekaru ina zana tsutsar nan a allo, tana fitowa kamar guntun igiya, yara suna kwafa ba su ce uffan ba. Ran nan yaran da ban taɓa jin muryarsu ba suka riƙa gardama, wannan ya ce irin ta ce ta cinye gonarsu, waccan ta ce tasu ta fi wannan duhu. Har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya fita.

Da zai tafi ya ce, "Ba tablet ɗin ce ta koyar ba fa. Kai ka san tsutsar, kai ka san yaran. Ita dai ta matso da abin kusa."

Bayan sati biyu ya dawo, a lokacin ya cike takardarsa.

Amfanin horon na gaske sai da aka shiga wahala muka gan shi. Kun tuna lokacin da rashin tsaro ya tsananta, ƙauyuka suka watse, aka rufe makarantu, ga network babu. Yaranmu wasu suka koma cikin garin Faskari, wasu Funtuwa, wasu wajen dangi a wuraren da ban ma sani ba. Na zauna a gida ina jin kamar an yanke mani hannu.

Malam Surajo ya aiko a kira mu, mu 'yan kaɗan da ake iya samu. Ya koya mana yadda za mu ɗauki darasi da muryarmu, mu tura daga waya zuwa waya ba tare da network ba. Ya ce, "Minti biyar kawai. Kada ka yi wa'azi. Ka yi kamar yaro ɗaya ne zaune a gabanka."

Darasina na farko sai da na maimaita shi sau goma sha ɗaya. In na fara, zakara ya yi cara. In na sake, in manta abin da zan ce. Da na saurari muryata kunya ta kama ni, na ce ashe haka nake magana ta hanci yara suka haƙura da ni duk shekarun nan.

Ranar kasuwar Yankara nakan zauna a rumfar wani mai ɗinki, iyaye su zo da wayoyinsu in tura musu. Wanda wayarsa ba ta karɓa, Malam Surajo ya kan bar mana katin memori a saka mashi. Wani uba ya iske ni a nan ya ce, "Hedimasta, muryarka ta ishe mu a gida. Yarinyar nan ko daka take darasin shina kunne, har uwarta ta haddace ba bi bu."

Da aka sake buɗe makaranta, waɗanda suka saurara sun dawo da karatunsu bai zube ba. Ba duka suka dawo ba. Akwai sunayen da har yau nake tsallakewa a rajista, ban san inda masu su suke ba.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Cikin tablet shidan nan biyu sun mutu, ɗaya a hannun yaro ta faɗi, kuma ya rubuta yadda ya yi alkawari. Batirin solar ya yi sanyi, in hadari ya kwana biyu sai mu koma alli. Akwai malaman da suka je horo suka dawo suna kallon fim da abin. Wannan yana ƙona mashi rai, amma bai taɓa kiran sunan kowa a gabana ba.

Shi ma yana da nasa. Magana yake da sauri kamar ana korarsa. Zai ce maka Talata, sai Alhamis ka gan shi. Abinci kuwa sai an tuna mashi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar Larabar makon jiya ce, a ofishina. Malama Lami ta kawo mana dafaffiyar gyaɗa. Yana ɓarewa ya ce akwai dattawan malamai goma sha tara a ɓangaren Sabuwa, an yi musu horo, an ba su kaya, kuma duk sun kulle.

Na yi dariya na ce, "Ashe ina da 'yan'uwa."

Ya ce, "Shi ya sa na zo. Ni in na yi magana, yaro suke gani. Ranar Asabar ta sama kai za ka tsaya a gabansu."

Na ce ba zan iya ba. Na ce ni da har yanzu in abin ya daskare sai na kira shi a waya.

Ya ce, "Ba gwaninta nake so ka nuna musu ba. Labarin akwatin za ka ba su."

Na ce, "Wato tona mani asiri za ka yi."

Ya ce, "Ni ban taɓa faɗa wa kowa ba, Baba. Kai za ka faɗa, in ka ga dama. Ni zan zauna a baya. In tablet ɗin ta ƙi, ka ɗaga kai kawai, zan taso."

Na yi ta ja. Daga ƙarshe na kafa mashi sharaɗi. Na ce ba zan tsaya gaban sa'o'ina in ji kunya ba, sai ya tabbatar akwai wuta a ajin, akwai wurin caji, komai na aiki. Ya ce wannan mai sauƙi ne, zai je da kansa ya duba kafin ranar.

Abin da ya kai shi Sabuwa jiya ke nan.

Na san abin da za ku ce. Na san kwana ba ya wuce ranarsa, ni ma na sha faɗa wa wasu haka a wajen gaisuwa. Na yi imani da shi. Amma tun safe maganar nan take kai da kawo a ƙirjina, cewa da ban kafa sharaɗin nan ba, da jiya yana gida tare da iyalinsa. Ya bar mata da yara uku, ƙaramar ba ta fara tafiya ba. Ban san da wane ido zan kalli mahaifinsa ba in na isa.

Kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba.

Ina tsoron hanyar nan da za mu bi yanzu, kun san ta. Direba ya ce lafiya lau aka wuce da safe, amma kowa a motar nan shiru yake.

Ina tsoron abin da zai biyo baya. Ban san ko ofis za su soke taron Asabar ba. Ban san wa za a turo a madadinsa ba, ko wanda za a turo zai duba hannun dattijo kafin ya duba takarda. Horo na kwana biyar kowa zai iya bayarwa. Abin da ya canza ni ba kwana biyar ɗin ba ne, dawowar da ya riƙa yi ce, da ɗaukar waya duk lokacin da na kira da tambayar da ta fi ƙarfina. Akwai malamai da yawa a ƙananan hukumomin nan uku da lambarsa ce kawai abin da ke tsakaninsu da mayar da kayan cikin akwati.

Ni ma ina cikinsu. Da safen nan bayan Malama Lami ta kashe waya, na shiga ofis na ga tablet huɗun suna caji a kan tebur, abin da ya fara zo mani shi ne in tattara su in kai gida. Har na ɗauki ɗaya. Sai na ajiye.

Ɗazu da na kunna data don in rubuta wannan, saƙon murya ya shigo. Nasa ne. Jiya ya turo shi kafin ya shiga mota, ni kuwa ina gona datata a kashe.

Na daɗe ina kallonsa. Na ce wa mutumin da ke kusa da ni ya ɗan matsa, na kara a kunne.

Ga abin da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba:

"Salamu alaikum, Baba Hedimasta. Na duba ajin. Soket biyu ke aiki, na sa an gyara na uku. Ka taho da doguwar wayar cajin nan taku. Mutum sha tara ne, amma akwai wani Malam Ɗanjuma, kunnensa bai ji sosai, ka sa shi a gaba ba tare da ka nuna ka sani ba. Kada ka damu, za ka iya. Sai mun haɗu."

Ana jin hayaniyar tasha a bayansa, wani yana kiran Kankara mutum ɗaya.

Na saurara sau biyu. Ba zan iya na uku ba yanzu.

Na kira Malama Lami na ce ta nemo doguwar wayar cajin ta ajiye mani a ofis, ta kuma tabbatar tablet huɗun nan sun cika da caji kafin Juma'a da yamma. Ta ce, "Hedimasta, za ka je ke nan?" Na ce ban sani ba ko za a bari a yi. Amma in an bari, zan je. Ta ce za ta bi ni, ita ta fi ni sanin abin da ake yi in tablet ta daskare.

Malaman Sabuwa, in akwai wanda ke karanta wannan a cikinku, ko wanda ɗansa zai karanta mashi, ga saƙona. Ni ba gwani ba ne. Wata biyu na kulle nawa, kuma na yi ƙarya a kai. Ku zo da naku yadda suke, ko da ledarsu. In ta ƙi mu, mu taru mu rasa tare, har Allah ya kawo wanda ya sani.

Waɗanda kuma ke da darussan da ya ɗauka da muryarsa a wayoyinsu, don Allah kada ku goge. Ku tura wa na kusa da ku.

Motarmu ta cika, yaron mota yana ɗaure kaya.

Ya Allah, ga bawanka Surajo ya zo gare ka. Ya rufa mani asiri a ranar da yake da ikon tonawa, ka rufa mashi nasa. Ka gafarta mashi, ka yalwata kabarinsa, ka sa duk harafin da wani yaro ya koya ta dalilinsa ya zame mashi haske. Ka ba mahaifansa da mai ɗakinsa haƙuri, ka raya 'ya'yansa cikin kulawarka. Waɗanda suka ji rauni tare da shi ka ba su lafiya. Ka kawo mana zaman lafiya a yankin nan, ka tsare matafiya.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa ya tsaya ya yi mashi addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. In akwai wanda ya taɓa saɓa wa, ya yafe mashi.

Ni ma ku sa ni a ciki. Mu isa Kankara lafiya yau, jibi kuma da ƙarfe tara Allah ya riƙe mani harshe da hannu.